Yadda Ake Maido da Gida Kan Tsari Bayan Hutun Hunturu

Hutun ƙarshen zangon farko yana faɗowa ne a tsakiyar hunturu, daga wajen tsakiyar Disamba zuwa makon farko ko na biyu na Janairu. Bai fi mako uku ko huɗu ba, amma ya isa ya wargaza tsarin gida: ga bukukuwa, ga baƙi, ga tafiya ƙauye, yara su kai sha ɗaya na dare suna kallo, su kwana ƙudundune cikin bargo har hantsi. Ranar komawa makaranta sai a tashi da tsawa da kuka, yaro ya fita ko koko bai kurɓa ba. Wannan ba lalaci ba ne. Jikinsa ne ya saba da wani lokacin barci, ga sanyin asuba, ga rana ba ta fitowa a Kano sai wajen bakwai saura.

Tsarin da ke biye mako biyu ake yi ana kafa shi, daga nan a ci gaba da binsa. An fi so a fara shi saura kwana bakwai a buɗe makaranta, in kuma an riga an koma, a fara daren yau. A bi shi daki-daki: barci tukuna, sannan karatu, sannan motsa jiki. Gidan da ya ɗauko ukun rana guda, kafin Juma'a ya sauke su duka.

Kayan da za a tanada

- Agogon ƙararrawa ko ƙaramar waya mai madannai. Babbar waya ba ta dace da wannan aiki ba, domin in ta kwana a gefen matashi ita za ta cinye daren.
- Fitila mai caji ko ta sola.
- Tsohuwar kalandar bara da biro. Bayanta fari ne, a nan za a zana jadawali.
- Littafin rubutu ɗaya ga kowane mai karatu, da kwali ko kwando mai murfi na ajiye littattafai saboda ƙura.
- Tabarma, igiya mai tsawon mita biyu da rabi, da robobin ruwa biyu na lita ɗaya da rabi.
- Rigar sanyi, safa, hula, takalmi mai rufi, da takunkumi ko mayafi.
- Man kaɗanya ko basilin, filas, da tsumma biyu.

1. A ƙirga lokacin kwanciya daga baya

A fara da lokacin tashi, a yi lissafi baya. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, matashi ɗan 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10, babba kuma kada ya gaza awa 7. In ana tashin ɗan firamare ƙarfe shida saura kwata don sallar asuba, kuma ana so ya sami awa tara da rabi, to takwas da kwata ta same shi a kwance. Yayansa na sakandare yana iya kaiwa tara da kwata.

Yaron da ya saba kwanciya goma da rabi ba zai yi barci takwas ba don kawai an kashe fitila. Juye-juye zai yi ta yi, ya tashi shan ruwa, ya tsokani ƙanensa. A riƙa jawo lokacin da minti 20 kowane dare, a jawo na tashi da minti 20 shi ma. Tazarar awa biyu tana rufewa cikin dare shida. Tashin ne ke jan kwanciyar, saboda haka ko daren ya ɓaci, kada a bar shi ya rama da safe. Da rana ta fito a fitar da shi tsakar gida ya sha hantsi, hasken safiya shi ne ke saita barcin dare.

Abubuwa uku ne suka fi ɓata wannan mataki. Na farko ƙailular da ta wuce rabin awa ko ta zarce la'asar. Na biyu shayi mai kauri ko lemon kwalba baƙi da yamma. Na uku waya. Bayan isha'i a tara wayoyin gida a wuri ɗaya, har da ta Abba da ta Umma, domin yaro ba ya yarda da dokar da manya ba sa bi. Wanda sana'arsa ke bukatar kira ya bar ƙarar a buɗe, ya ajiye wayar nesa da shimfiɗa.

In babu sauran kwanaki, gobe makaranta, a tashe su a kan lokaci kawai, a hana barcin yamma, a yi haƙuri da gyangyaɗi da ƙunci na kwana biyu ko uku. Asabar da Lahadi kada makara ta wuce awa ɗaya, in ba haka ba Litinin a koma gidan jiya.

2. A gama aikin safiya tun da dare

Kafin kowa ya kwanta: unifom da rigar sanyi a rataye, safa a cikin takalmi, jaka a bakin ƙofa an duba littattafan gobe, filas cike da ruwan zafi. In ƙosai za a yi, a surfa wake a wanke tun yamma. Gasarar koko ta kwana a shirye. Ɗumamen tuwo ma karin kumallo ne mai riƙe ciki, kuma ya fi biskit da ake damƙa wa yaro a hanya.

Wanka shi ne babban abin rigima a wannan lokaci. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da cikakken wanka yamma. A cika jarka a ajiye a rana tun hantsi, kafin la'asar sanyin ruwan ya karye ba tare da an ƙona itace ko gas ba. Da safe sai a sirka ruwan filas a wanke fuska, hammata, hannu da ƙafa. Mai kuma ana shafa shi ne jiki na da sauran laima, nan da nan bayan an tsane. In aka jira fata ta bushe ta yi fari, man a sama zai tsaya. A ba dunduniya da leɓe da bayan hannu kasonsu. Mai faso ya jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma da dare, ya goge kaushin, ya shafa man kaɗanya da kauri, ya sa safa ya kwana.

Ga gargaɗin da ba a wasa da shi. Kada a kwana da kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum cikin barci. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sau da yawa ga mutanen ɗaki gaba ɗaya. In an ga haka a buɗe ko'ina, a fitar da kowa waje, a nufi asibiti. In za a ji ɗumi, a ji shi a tsakar gida ko ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon a kashe shi da ruwa kafin kwanciya. Janareta ma haka, ba a tayar da shi a zaure ko a gindin taga. Hitar da ake tsomawa a bokiti kuwa, a zare ta daga soket kafin a taɓa ruwan, kuma in an ɗauke wuta a zare ta nan take. Gobarar hunturu da yawa daga nan take tashi: a manta da ita a jone, a maido wuta cikin dare, ruwa ya ƙone, roba ta kama.

3. A rataya jadawali a jikin lokutan salla

Jadawalin da aka rubuta da ƙarfe kaza da minti kaza ba ya daɗewa, amma kiran salla kowa yana ji. A bayan kalanda a ja layi bakwai na kwanaki, a rubuta sunayen mutanen gida, a ware gurbi uku kacal: bayan asuba tilawa, bayan la'asar ko bayan tashi daga Islamiyya motsa jiki, tsakanin magariba da isha'i karatun boko. A Janairu wannan tazara ta ƙarshe ta ɗan haura awa ɗaya, ta isa. Gidan da ba ya bin lokutan salla sai ya rataya su a jikin cin abinci. Wanda ya cika nasa ya yi maki da hannunsa. A liƙa takardar inda ake cin abinci, ba a cikin ɗaki ba.

4. Karatu

Ranar farko ba ranar ƙari ba ce, ranar gwaji ce. A ɗauko littafin zangon da ya wuce, a buɗe shafin da yaro ya riga ya yi, ya karanta a bayyane. Duk kalmar da ta gagare shi a lanƙwasa yatsa ɗaya. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafi ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu, a koma baya ko a sauko zuwa mai sauƙi. Ba abin kunya ba ne, bayan hutu kusan kowane yaro yana ɗan zamewa, kuma mako guda na bita yakan maido shi.

Tsawon zama ya danganta da aji. Ɗan aji ɗaya zuwa uku minti 10 zuwa 15. Ɗan aji huɗu zuwa shida minti 20. Ɗan sakandare zama biyu na minti 25, da hutun minti biyar a tsakani, ya miƙe ya sha ruwa, ba ya ɗauki waya ba. A tsaya tun yaro bai gaji ba. Wanda aka tsare awa biyu daren farko, gobe sai an yi farautarsa.

Ga yadda zama ɗaya yake tafiya da ƙaramin yaro. Babba ya fara karanta sakin layi ɗaya a hankali, yaron na bi da ido. Sai yaron ya karanta shi, yatsa a ƙarƙashin layi. In ya cije a kalma, kada a yi caraf a faɗa masa. A ƙirga biyar a zuci, yawanci kafin nan ya haɗa baƙaƙen da kansa. In bai iya ba, a rufe rabin kalmar da yatsa ya karanta gaɓa-gaɓa. Bayan haka a rufe littafin a ce, "To Auta, ba ni labarin abin da ka karanta." In ya fara maido jimlolin Turanci kamar yadda suke a takarda, a tsayar da shi: "A'a, da Hausa nake so, kamar Kaka za ka gaya wa." A nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace. Yara da yawa suna zuba Turanci tiryan-tiryan, a tambaye su wa ya yi me, su yi shiru. Daga ƙarshe ya rubuta kwanan wata da jimla biyu a littafinsa game da abin da ya karanta. Wannan littafi shi ne shaidar ci gaba, bayan wata guda a buɗe shafin farko a gwada da na ƙarshe.

Kada a raina karatun Hausa. Yaron da ya iya karanta harshensa da kyau, ya san bambancin ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k, ya riga ya koyi haɗa baƙi da wasali, kuma wannan ƙwarewa tana bin sa zuwa kowane harshe. A ba Hausa dare biyu a mako. Bulala kuma ba ta da gurbi a wannan zama. Wanda ke karatu yana kallon hannun babba, hankalinsa ba ya kan takarda.

Karatun Alƙur'ani ma haka. A makon farko a dakatar da ƙari, a yi tishin abin da aka wuce. Mai hadda ya koma farkon izun da yake ciki, ya riƙa kawo shafi ɗaya ko biyu bayan asuba, wani na riƙe da Mus'hafi. Kada a wanke allo sai tsohon karatu ya zauna daram. Minti goma sha biyar kullum sun fi awa biyu ranar Alhamis.

Masu shirin jarrabawar fita, wannan zango ne nasu. JAMB takan zo wajen Afrilu, WAEC ta biyo a Mayu da Yuni, NECO a bayanta, a Nijar kuma BEPC da BAC suna jira a ƙarshen shekarar karatu. Kuskuren da aka fi yi shi ne maimaita karanta littafi daga farko har a ji kamar an iya. Ɗalibi ya ɗauki tsofaffin tambayoyi, ya amsa ashirin littafi a rufe, agogo a gabansa, sannan ya duba. Waɗanda ya faɗi su ne karatun gobe. Darasi biyu a dare sun isa, ɗaya mai lissafi, ɗaya mai bayani, kuma a fara da wanda ake gudu.

Manya su ma su zauna da nasu littafin ko jarida a daidai wannan lokaci, ko shafi goma ne. In Abba na kallon ƙwallo a ɗaki, ba yaron da zai tsaya a kan tabarma.

Inda aka rasa wani abu, akwai mafita. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya gudanar da zaman nan gaba ɗaya: yaro ya karanta, ya fassara mata, ta yi masa tambayoyi. Hasali ma tambayarta takan fi kaifi, tunda da gaske take neman sani. In babu littattafai, a karɓi na yayye da maƙwabta, a sayi jaridar Aminiya sau ɗaya a yi mako ana cin ta, ko a sa yaro ya rubuta tatsuniya daga bakin kakarsa ya karanta wa ƙanne. Mazauna Kano suna da ɗakin karatu na Murtala Muhammad, sauran jihohi ma suna da nasu a manyan birane. In babu fitila, a mayar da zaman bayan la'asar. In akwai, a ajiye ta a gefe tana haska takarda, ba a gaban ido ba.

5. Motsa jiki

Sai barci da karatu sun yi kwana huɗu ko biyar suna tafiya sannan a shigo da wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni: yara da matasa daga shekara 5 zuwa 17 minti 60 a rana, manya minti 150 zuwa 300 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Ba a fara da wannan adadi, zuwa ake yi.

Lokaci ya fi komai muhimmanci a hunturu. Gudun asuba cikin hazo yana cika ƙirji da ƙura da busasshiyar iska mai sanyi, ya tayar da tari. An fi so a fita da hantsi ko bayan la'asar. A zaɓi wata alama da aka saba hangowa daga ƙofar gida, hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis. Ranar da hazo ya ɓoye ta, a yi atisayen a ɗaki.

Babba ya fara da tafiyar minti 15, kwana biyar a mako, ya riƙa ƙara minti biyar duk mako har ya kai 30. Minti 30 sau biyar shi ne 150 ɗin nan. Minti biyar na farko a tafi a hankali, domin tsoka mai sanyi ita ke saurin gocewa. Ma'aunin sauri kuwa: numfashi ya ƙaru amma ana iya magana. In haki ya hana jimla fita, a rage.

Wadda ba ta fita, tsakar gida ya wadatar. A yi tafiya a tsaye ana ɗaga gwiwa minti biyu. Sai zama-tashi a kan kujera sau goma, ba tare da dafa gwiwa ba, dunduniya a ƙasa. Sai a dafa bango da tafin hannu daidai kafaɗa, a ja ƙafa baya taku ɗaya, a kai ƙirji kusa da bango a turo, sau goma. Sai a cika robobin nan biyu da ruwa, kowace ta zama kilo ɗaya da rabi, a ɗaga su daga kafaɗa zuwa sama sau goma. A huta minti ɗaya a maimaita. Mako na uku a koma zagaye uku. Jiki zai yi tsami kwana biyu na farko, wannan ba komai. Ciwo mai suka a gwiwa ko baya kuwa alama ce ta a tsaya. Daka, surfe da ɗiban ruwa suna shiga lissafi, wanki a zaune ba ya shiga.

Yara ba sa bukatar wani tsari. Langa, tsallen igiya, 'yar gala-gala, ƙwallo da keke sun cika minti sittin ɗin, in dai an ba su fili an kashe talabijin. Tafiya makaranta a ƙafa ma tana ciki.

Sanyi yana ɓoye ƙishirwa alhali iska na tsotse ruwan jiki. A sa wa kowane yaro gorar ruwa a jaka, a duba ko ta dawo a cike. Fitsari mai duhu alamar ƙarancin ruwa ne. Mai sikila ya fi kowa bukatar kulawa a nan, domin sanyi da rashin ruwa da gajiya su ne ke tayar masa da ciwo: ya sha ruwa sosai, ya rufe jiki, ya yi wasa mara wahala. Mai asma ya fita da abin shaƙarsa da takunkumi. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko juna biyu ya ji ta bakin likita kafin ya fara. Ciwon ƙirji ko jiri ana cikin tafiya ba abin daurewa ba ne. In yaro ya yi haɓo, a zaunar da shi ya sunkuyo gaba kaɗan, a matse taushin hanci minti goma ba sakewa. Ɗaga kai sama da aka saba yi jinin yake mayarwa maƙogwaro.

6. Ƙura, abinci da rabon aiki

A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da tsumma mai laima maimakon kaɗewa. Tagogin da iska ke bugowa, na arewa da gabas, su zauna a rufe, amma da tsakar rana a buɗe ɗaki ya sha iska, a shanya barguna a rana sau ɗaya a mako. Rani lokacin sanƙarau ne, kuma cunkoso a ɗaki rufaffe yana taimaka masa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, asibiti ake kaiwa a ranar, ba kemis ba.

Kayan lambu sun fi araha a watannin nan: tumatir, karas, kabeji, latas, ga lemo. A wanke su da kyau a sa a abincin rana, a jefa karas ko lemo ɗaya a jakar makaranta.

Aikin gida a raba shi da suna a kan kalandar nan, maza da mata. In aka bar wa Yaya babba wanke-wanke da shara da raino, sa'ar karatunta ce ke tafiya, kuma ita ce sau da yawa ke da jarrabawa a gaba. Wanke-wanken dare a yi shi kafin magariba ko bayan isha'i, kada ya shiga gurbin karatu.

7. Duba na ƙarshen mako

Ranar Asabar a tsaya gaban kalanda minti biyar. Gurbin da ya sami maki huɗu ko biyar ya zauna, a bar shi. Wanda bai wuce biyu ba, ba faɗa yake bukata ba, gyara yake bukata: ko lokacin bai dace ba, ko ya yi tsawo. A raba tsawon biyu, ko a matsar da shi. In yaro na gyangyaɗi a zaman magariba, matsalar tana mataki na ɗaya, a koma a duba lokacin kwanciya da inda waya ke kwana. Ranar da biki ko rashin lafiya ya cinye, ba a ramuwarta, washegari a ci gaba daga inda aka tsaya.

A 'yan shekarun nan azumi yana kamawa cikin wannan zango, a Fabrairu ko Maris. Saura mako guda a sake zana jadawalin: karatun boko ya koma bayan asuba ko hantsin ranakun hutu, tunda magariba ta zama ta buɗa-baki, tafiyar manya ta koma bayan tarawihi, a ƙara ƙailula ta rabin awa don cike gibin sahur.